Jiran Ƙanƙara a Garin Yaya Habu

Tun da na dawo daga Faransa ba a bar ni na huta ba. Abokan aikina na lakwal, wato makarantar boko, da waɗanda muke zama tare a ƙofar shagon tela bayan la'asar, kowa da tambayarsa. Yaya ƙasar take? Da gaske ne wani abu fari yana zubowa daga sama har ya rufe gidaje? Waɗanda suka san abin da ya kai ni sai su yi mini gaisuwa su yi shiru, sauran kuwa labarin Paris suke so. Na gaji da ba da shi gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna in faɗe shi tun daga tushe.

Sunana Idi, malamin lakwal ne ni a Damagaram. Yayana Habu ya bar gida tun ina ƙarami. Ya yi shekaru yana aiki a wata masana'antar haɗa sinadarai a Saint-Fons, gefen birnin Lyon, har ƙirjinsa ya kamu. Likitoci suka ce ya hau duwatsu ya sha iska mai kyau. A wani ƙaramin ƙauye can sama ya samu sauƙi, ya samu aiki, ya auri wata 'yar garin mai suna Odile, suka haifi 'ya mace. Zuwansa gida bai cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma mahaifinmu ya rasu bai sake ganinsa ba. Ana cikin ƙarshen shekarun tamanin, wani Bamaraɗe da ya dawo daga can ya ce mana tarin Habu ya tashi, ya rame ƙwarai. Inna ta kira ni ɗakinta.

"Ka je ka taho mini da shi," in ji ta. "In ya ƙi, ka ce ni na ce."

Na nemi izini a wurin aiki, na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai. Taya ta fashe mana bayan mun wuce Birnin Ƙonni, muka yini a gindin wata bedi muna cin rake. A Yamai na yi ta safa da marwa kafin biza ta fito. Kayana ba su da yawa, na Inna ne suka cika jakar: kilishi, kuka, daddawa, yaji, da wani kaset da ta sa jikanta ya ɗauki muryarta a ciki.

Da muka sauka a Paris, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya buɗe jakar, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya. Ya tambaye ni ko mene ne, na ce na miya ne. Ya kira wata abokiyar aikinsa ta sunsuna, ta ce a gidansu akwai cukun da ya fi wannan wari. Suka bar mini daddawa, amma suka riƙe kilishin, wai doka ta hana shiga da nama. Na ce tsohuwa ce ta aiko wa ɗanta marar lafiya. Mutumin ya ba ni haƙuri da ladabi, amma bai mayar mini ba.

Alhaji Lawali ne ya tarye ni, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ke sayen atamfa da leshi yana aikawa gida. Da ya ga rigar sanyin da na zo da ita sai ya girgiza kai, ya cire mantonsa, doguwar riga mai kauri, ya yafa mini. Da muka fita waje na gane dalili. Sanyin da muke kuka da shi a gida wasa ne. Wannan yana shiga haƙori, yana sa kunne ya yi kamar za a ɓalle shi.

Gidansa yana La Courneuve, a cikin dogayen benayen nan da suke jere kamar an tsaga dutse an huda masa tagogi. Na'urar hawa ta lalace, muka hau da ƙafa, ina ɗauke da jaka ina tsayawa ina haki. Hajiya Rabi ta yi mana tuwon semul da miyar busasshiyar kuɓewa. 'Ya'yansu suka durƙusa suka gaishe ni da Hausa, amma daga "lafiya lau" sai suka juye Faransanci. Washegari a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi wa wani dattijo sallama da na zauna kusa da shi, ya dube ni, ya jawo jakarsa jikinsa. Alhaji ya raɗa mini cewa a nan ba a gai da wanda ba a sani ba. Na yi ta mamakin mutane cike da jirgi, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa kamar shi kaɗai ne.

Da magariba muna zaune aka nuna meteyo a talabijin, wato hasashen yanayi. Wata mata ta tsaya gaban taswirar ƙasar tana nuna hoton rana a ko'ina. Na ce alhamdu lillahi, ko sanyin ya ragu.

"Mushe Idi, kai ne kake hamdala," in ji Alhaji, yana kira na yadda ake kiran malamin lakwal a gida. "Mutanen yayanka kuka suke yi. Bana ƙanƙara ta ƙi sauka a duwatsu. Su ita ce damanarsu."

Ban fahimce shi sosai ba sai daga baya.

Jirgin ƙasa mai gudun nan ya kai ni Lyon kafin in gama kallon gonaki. Malam Sani yana jira na a tasha. Mutumin Tawa ne, tare suka yi aiki da Yaya Habu, shi har lokacin yana masana'antar. Ya kai ni masaukin ma'aikata a Saint-Fons, inda kowa ke da ɗan ɗaki kamar akurki, ana girki a madafa ɗaya. Iskar unguwar tana da wani ɗanɗano a maƙogwaro, ga dogayen bututu suna ta fitar da hayaƙi. Bayan mun ci shinkafa da miyar gyaɗa, Malam Sani ya aje cokali.

"Gara ka ji daga bakina kafin ka gan shi," ya ce. "Da kaka ya kwanta asibiti a nan Lyon. Suka sallame shi, suka ce ya koma gida ya ci abin da ransa ke so. Kai malami ne, ka san abin da wannan ke nufi."

Na ce na sani.

"Ka yi ƙoƙari ka sauko da shi. Ko bai kai gida ba, a nan akwai likita kusa, akwai mu. Amma na san Habu, in ya kafe sai Allah."

Da safe ya sa ni a kar mai hawa duwatsu. Hanyar tana ta murɗewa kamar igiyar guga, ga rami a gefe wanda ba a ganin ƙarshensa. Na yi amai a leda. Wata tsohuwa da ke bayana ta miƙo mini alewar na'ana'a. Ita ce Bafaranshiya ta farko da ta dube ni a ido.

Na zaci zan tarar da gari fari fat kamar yadda nake nuna wa yara a littafi. Sai na tarar da ciyawa busasshiya ja-ja-ja, da duwatsu tsirara, sai can ƙololuwa ɗan fari kamar an yayyafa gishiri. Ƙauyen bai kai unguwarmu girma ba: coci, ofishin magajin gari, gidan burodi, 'yan masaukai da shagunan da aka jingine katakan siki, na zamiya a kan ƙanƙara, a ƙofarsu, ba mai taɓawa.

Yaya Habu yana tsaye a inda kar ke tsayawa, da wata budurwa tana riƙe da hannunsa. Da ba don tsagar fuskarsa ba da na wuce shi. Mutumin da na sani yana ɗaukar buhun gero da hannu ɗaya ya koma kamar kara a cikin manto. Na durƙusa zan gaishe shi, ya kama kafaɗata.

"Tashi, ƙasar da sanyi. Idi, har ka yi furfura? Yaya Inna?"

"Tana gaishe ka, Yaya."

Yarinyar ta ce mini "tonton", ya ce mata, "Baffa za ki ce." Sunan Inna ya sa mata, don haka Uwani yake kiran ta, har mutanen garin suka ɗauka shi ne sunanta na yanka. Ta kusa gama lise, wato babbar sakandare, kuma da hutu tana koya wa ƙananan yara siki.

Odile tana riƙe da ɗan masaukin da ta gada daga iyayenta. Mace ce marar yawan magana, hannunta kamar na mai daka. Ta sumbace ni a kumatu biyu kamar yadda suke yi, na daskare a tsaye, Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta ce in saki jiki da abincinta, tun da ta yi aure naman alade bai shiga tukunyar gidan ba. Ranar ta ba mu dankali da narkakken cuku. Kashegari Yaya ya sa aka kawo masa kujera madafa, yana zaune yana ba ta umarni har ta kaɗa miyar kuka da daddawar Inna. Loma kaɗan ya ci, amma ya daɗe da kwanon a gabansa yana shaƙar tururin.

Ɗakunan baƙi duk a rufe suke, ni kaɗai ne baƙo a gidan. A nan na gane maganar Alhaji Lawali. Garin nan da rani suna kiwon shanu suna yankan ciyawa, amma abin da ke riƙe su shi ne mutanen birni da ke zuwa wasan siki da hunturu. Suna da wata doguwar igiyar ƙarfe da inji ke juyawa a kan turaku, daga gindin dutse zuwa sama, da sanduna rataye a jikinta. Mai siki ya maƙale sanda tsakanin ƙafafunsa, igiya ta ja shi har sama, ya zamo ƙasa. Teleski suke ce mata. Aikin Yaya ke nan shekara da shekaru, tsayawa a gindinta yana miƙa wa mutane sanda. Manyan wurare suna da injin da ke yin ƙanƙara, su ba su da shi, sai abin da sama ta ba su. Ga hutun ƙarshen shekara ya wuce igiya ba ta motsa ba, samarin da aka ɗauka aiki an sallame su.

Kullum da safe magajin garin, wani dattijo mai suna Fernand, wanda kuma shi ne shugaban masu igiya, yakan buga wa ofishin meteyo waya, ya fito ya rubuta a allo a ƙofar ofishinsa: kaurin ƙanƙara a gindin dutse, kaurinta a sama, da abin da ake sa rai. Mutane su taru da burodi a hammata su karanta, ko da yake kowa yana ganin dutsen da idonsa. Daga nan tsofaffi su ɗaga kai su dubi yamma, wani ya ce gwiwarsa tana ciwo, alama ce, wani ya ce tsuntsaye sun sauko. Ranar Lahadi limamin cocinsu ya yi addu'a ta musamman. Na tsaya daga nesa ina kallon su suna fitowa, sai na tuna shekarar farin nan da muka fita roƙon ruwa, muka dawo kowa yana satar kallon gabas. Fuskokin iri ɗaya ne.

Yaya ba ya iya zuwa wurin allon, ni yake aika. In na dawo sai ya tambaye ni iska daga ina take, sanyi ya ƙaru ko ya ragu. Shi ya koya mini cewa ƙanƙarar ma iri-iri ce. Akwai mai laushi kamar garin gero, ita masu siki ke so. Akwai mai ruwa-ruwa kamar kunu ya yi kauri, tana karya ƙafa. Akwai wadda ta narke ta sake daskarewa ta yi ɓawo kamar ƙanzo.

Na bari ya huta da zuwana kafin na kunna masa kaset ɗin. Muryar Inna ta cika ɗakin. Ta gaishe shi, ta gai da matarsa da takwararta, ta lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa, sannan ta ce idonta ya fara dushewa, tana so ta gan shi kafin ya rufe. Uwani tana zaune a ƙasa tana kallon bakin ubanta, ba ta jin abin da ake faɗa. Da kaset ya ƙare na ce masa abin da aka aiko ni.

Yaya ya dubi kaset ɗin. Sannan ya ce, "Idi, dube ni da kyau. Wannan jikin zai kai Yamai?"

"Sai mu fara sauka Lyon, Yaya. In ka ji ƙarfi mu wuce."

"Na zo garin nan ina tofar da jini, ba wanda ya san ubana. Suka ba ni ɗaki, suka ba ni aiki, suka ba ni 'yarsu. Yanzu suna cikin fari sai in ɗauki jaka? Ka taɓa ganin manomi ya bar gari ana jiran ruwan shuka?"

"Inna ta ce in ka ƙi, in ce ita ta ce."

Ya rufe ido. Na ga maganar ta shige shi, har na yi da-na-sanin faɗinta.

"Bari ƙanƙara ta sauka," ya ce. "In ji igiya ta tashi. Daga nan ka kai ni duk inda ka ga dama."

Cikin makon nan Fernand ya rubuta a allo cewa hadari na tafe. Gari ya motsa, aka shafa wa inji mai, Odile ta shanya barguna. Hadarin ya zo da ɗumi, ya zubar da ruwa, ya wanke ɗan farin da ke ƙololuwa. Washegari ba wanda ya tsaya hira a gaban allo. Mai gidan burodi ya ce mini ɗansa ya tafi Lyon neman aiki.

Bayan wasu kwanaki meteyo ta sake magana, wannan karon da ƙarfi: sanyi zai sauko, ƙanƙara mai yawa za ta zuba, ana gargaɗin masu mota. Odile ta same ni a madafa.

"In ta zuba yadda suke faɗa, hanya za ta rufe," ta ce. "Numfashinsa ya canja, na san shi. Ka taya ni, mu sauka da shi gobe."

Muka shiga tare. Ta yi magana da Faransanci, na yi da Hausa. Ya saurare mu har muka gama, ya kama hannunta ya ce, "Sau nawa suka faɗa ba ta zo ba? In ta zo kuwa, ina so ta same ni a nan. Asibitin sun riga sun gaya mana abin da suke da shi." Ta fita ta tsaya a bayan gida. Ranar garin duka yana fatan hasashen ya tabbata, ni da ita muna fatan ƙanƙarar ta ƙara kwana. Da na yi sallah ban san abin da zan roƙa ba, sai na ce Allah ya zaɓa mana.

Bayan azahar ƙanƙarar ta fara. Uwani ce ta kira ni, "Baffa, fito." Na fita na tsaya. Ruwan sama yana da murya, yana da ƙamshi, ana jin tafiyarsa tun daga nesa. Wannan ba ta da ko ɗaya. Tana saukowa a hankali kamar audugar rimi, ta sauka a hannun manto ta tsaya. Kafin la'asar ciyawar ta ɓace. Aka kaɗa ƙararrawar coci, mutane suka fito ƙofar gidajensu, ba mai ihu, sai dai ka ga dattijo ya cire hula ya bar ta tana zuba masa a ka.

Yaya ya ce a ɗebo masa a kwano. Ya damƙa, ya buɗe hannu, ta warwatse.

"Gari ce," in ji shi. "Mai kyau ce. Ku gaya wa Fernand ya fara daga gangaren yara."

Ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa har ta kai rabin taga. A rana ta biyu wani ɓangaren dutse ya zubo ya toshe hanya daga ƙasa, kar ta daina zuwa. A ranar ne kuma numfashin Yaya ya yi nauyi. Wata ma'aikaciyar jinya daga ƙauyen gaba ta zo a kan siki, ta yi masa allura, ta ja Odile gefe suka yi magana. Muka zauna da shi, ina karanta masa abin da na haddace, Uwani tana jiƙa masa leɓe.

Safiyar da sama ta washe, ina ba shi ruwa sai muka ji wani gunji daga bayan gari, sannan ƙarar ƙarfe yana bugun ƙarfe a jere. Fernand ne yake gwada igiya. Yaya ya buɗe ido ya ce a buɗe taga. Odile ta ce da sanyi, ya ce a buɗe. Muka ji muryoyin yaran gari suna rige-rigen kama sanda. Ya saurara, sannan ya juyo wurina.

"Ka ce wa Inna ta yafe mini. Ka ce ban ƙi maganarta ba, jiki ne ya ƙi."

Na ce zan faɗa. Na fara maimaita masa kalmar shahada, yana bi da leɓe. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waya tana aiki, na kira Malam Sani. Ya yi salati, ya ce kada in taɓa komai, suna tafe da zarar an buɗe hanya. Na tambayi Odile ko za a kai shi maƙabartar Musulmi a Lyon. Ta ce sun riga sun yi maganar tun kaka, a nan yake so, kuma Fernand ya ware masa wuri a jikin katangar maƙabartarsu. A gida da an rufe shi kafin la'asar. A can doka ta ce sai an kwana, sai likita ya gani, kuma sai a cikin akwati. Abin ya dame ni, amma baƙo ba ya sauya dokar gari. Kafintan ƙauyen ya tambaye ni yadda muke so, na ce katako zalla, ba ado. Ƙasar ta daskare kamar dutse saboda ta daɗe a buɗe cikin sanyi, sai da mazan garin suka share ƙanƙara suka hura wuta a wurin kafin diga ta shiga. Na nuna musu alƙibla yadda Yaya yake fuskanta in zai yi sallah, tsakanin gabas da kudu, suka ja igiya suka daidaita.

Ranar Asabar motar share hanya ta ɓullo. A bayanta akwai jerin kar-kar cike da mutanen birni da katakansu, waɗanda garin ya yi wata da watanni yana jira. A tsakiyarsu ga wata tsohuwar mota da sarƙa a tayoyi. Malam Sani ne da mutanen Saint-Fons, har da Alhaji Lawali da ya taso daga Paris. Suka fito da manyan riguna a kan manto, takalman birni suna nutsewa. Sun zo da likkafani. Ni da Malam Sani muka yi masa wanka, muka kwantar da shi a gefen dama.

Da muka fito da shi gangaren ya cika da mutane, igiya tana ta juyawa, layi ya kai har bakin hanya. Muna isa maƙabarta sai ƙarar ta ɗauke. Na waiga. Sanduna suna lilo a sama ba kowa a jikinsu. Fernand ya kashe inji, ya rufe ɗakin, ga shi tafe da ma'aikatansa, da mai burodi, da masu shaguna, har limamin coci. Na ji daga baya cewa wasu baƙin sun yi gunaguni, sai ya ce musu wanda ya saba miƙa musu sanda ne za a rufe, wanda ba zai iya jira ba ga hanya nan a buɗe.

Muka yi sahu a cikin ƙanƙara, Malam Sani ya ja sallah. Mutanen garin suka tsaya a bayanmu, huluna a hannu. Odile da Uwani suna gaba-gaba. Wani daga cikinmu ya yi ƙasa da murya ya ce mata ba sa zuwa kushewa. Malam Sani ya ce, "Mijinta ne, garinsu ne. Bar su." Da aka saukar da shi muka zuba ƙasa, su ma suka bi layi kowa ya zuba da hannunsa. Sannan suka jeru a bakin ƙofa suna ba mu hannu ɗaya bayan ɗaya, haka suke ta'aziyya. Tsohuwar nan da ta ba ni alewa a kar tana cikinsu. Ta riƙe hannuna ta ce Abu, haka suke kiran sa, shi ya koya wa jikokinta kama sanda. Sai da muka koma gida muka zauna sannan na ji injin ya sake tashi.

Na ƙara 'yan kwanaki. Masaukin ya cika, Odile tana aiki daga safe har yamma, na ga hakan ya fi mata. Uwani ta raka ni wurin kar, ta ce in ta gama lise za ta zo ta ga mai sunanta. Ta tambaye ni me ake ce wa kaka in an gan ta, na koya mata, tana maimaitawa har direba ya yi oda. A Saint-Fons aka yi sadaka, a La Courneuve ma Hajiya Rabi ta yi waina aka raba a benen. Daga nan sai jirgi, sai Yamai, sai doguwar hanyar gida.

Labari ya riga ni isowa, an yi zaman makoki an watse. Na tarar da Inna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Na isar da saƙonsa kamar yadda ya faɗa. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ni da Malam Sani, Inna."

"An yi masa sallah?"

"An yi. 'Yan'uwa sun hau daga Lyon da Paris."

"Su mutanen garin fa?"

Na gaya mata yadda suka jira ƙanƙara kamar yadda muke jiran ruwa, da yadda ta sauka, da yadda a ranar da kasuwarsu ta buɗe suka kashe inji suka bar baƙi a tsaye suka zo suka zuba masa ƙasa. Ta ci gaba da jan carbi.

"To," ta ce. "Ashe ba a daji ya mutu ba."

Ta miƙo hannu in tashe ta, ta ce in zuba mata ruwa a buta, la'asar ta yi.